Baka Biyu Don Mijin Yayata

Ni tela ne. Shekara ashirin da wani abu ina taka keke a Dutsin-Ma, kuma in ka tambayi masu kawo mini ɗinki za su ce maka ni mutum ne mai haƙuri, in ban da jajibirin salla. Ba su san ni ba. Na taɓa riƙe mutum ɗaya a zuciya shekara uku cur, ina sa hannu kwano ɗaya da shi, ina amsa gaisuwarsa da fara'a, ina kuwa shirya masa abin da zai zubar masa da haƙora. Mutumin nan mijin yayata ne.

Mahaifinmu a wani ƙauye yake ta wajen Birchi. Manomi ne kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi sassaƙar baka. Maharba kan taso takanas daga nesa su zauna a zaurenmu suna jiran ya dawo daga gona. Bakansa ba ƙusa, ba waya, ba roba. Ice ne da fata da jijiya da man kaɗe, sai hayaƙin ɗakin girkin Inna. Yakan ce abin da daji bai bayar ba, ba ya shiga aikinsa.

Bayan an kai amfanin gona gida, ganye ya zube, shi ne lokacin da yake hawa cikin duwatsu neman itacen dargaza. Ba kowace yake sara ba. Sai ya ga reshe miƙaƙƙe mai kaurin tsintsiyar hannu, ya zagaye shi, wani lokaci ya ƙyale shi sai baɗi. In ya saro, da farce yake ɓare ɓawon, ba da wuƙa ba. Sa'an nan ya soke sandar a rufin ɗakin girki, ta shekara tana shan hayaƙi. Masu karin magana sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Baba ya ce wanda ya faɗi haka kwando yake saƙawa.

Baka yana da baya, yana da ciki. Bayan shi ne gefen da ke kallon abin harbi, kuma wuƙa ba ta taɓa shi ko kaɗan, yadda Allah ya halitta shi a ƙarƙashin ɓawo haka ake barinsa. Cikin shi ne gefen da ke kallon maharbi, nan ake sassaƙa, nan ake kankara. In an gama, Baba yakan shafe ƙarshen sandar sama da ƙasa da man kaɗe, ya gasa a kan garwashi, ya lanƙwasa su baya. Saboda haka in bakansa yana kwance, wato ba a ɗaura masa tsirkiya ba, za ka ga ya karkata ta inda ba nan ake jansa ba. Wanda bai sani ba zai ɗaura igiyar ta gefen da ya ga ya riga ya lanƙwashe. Shi ya sa Baba yake da doka guda: ba ya miƙa wa kowa baka a kwance. Ko kai ne sarkin maharban duniya, sai ya dafa gwiwa ya ɗaura tsirkiyar da hannunsa a gabanka, sa'an nan ya ba ka.

Duk wannan da nake zayyanawa kamar gwani, daga baya na sani. A lokacin ban damu ba. Tun ina saurayi na gudu Dutsin-Ma koyon ɗinki, ina cewa zomo nawa ya rage a dajin da za a ɓata shekara ana jiran sanda ta bushe.

Mijin yayata kuwa, Alhaji muke ce masa, taki da hatsi yake sayarwa a Kurfi. Ba marowaci ba ne, wannan kam zan shaide shi. Ciwonsa ɗaya, lasifika. In ya ga an kafa rumfa an jera kujeru, ƙafarsa ba ta iya wucewa. Wata ƙungiyar 'yan gari takan shirya taron nuna kayan gargajiya bayan babbar salla, shi ne kuma ya naɗa kansa mai bayani.

Wata Juma'a na je gaida su Inna, Baba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, sai ga motar Alhaji a ƙofar gida. Ya ce baka yake so aro, gobe taro. Na shiga ɗakin Baba na duba bango. Akwai uku, na zaɓo wanda ya fi sheƙi, wanda Baba ya yi wa kansa, wanda ya ce shi ne na ƙarshe da zai yi da ƙarfinsa. Tsirkiyar tana naɗe daban a kan ƙusar ice, ban ma kula da ita ba. Na sauko da shi na miƙa wa Alhaji, har ina jin daɗin na yi wa suruki alheri.

Washegari ina wurin. Filin makaranta ya cika, masu kiɗa gefe, 'yan tallar gyaɗa gefe. Alhaji ya fito da babbar riga tana ɗaukar ido, ya ɗaga bakan Baba, ya ɗaura masa igiyar shanya, shuɗiya, irin ta leda, ta gefen da ya ga ya lanƙwashe. Ya yi dogon bayani kan jaruntakar kakanninmu. Sa'an nan ya miƙa wa wani lasifikar, ya gyara tsayuwa, ya ja.

Ƙarar ba ta fi ta karan dawa ba. Rabi a hannunsa, rabi yana lilo a jikin igiya. Fili ya ɗauki dariya. Da ya yi shiru, da ba abin da zai biyo baya, kowa yana kuskure. Amma sai ya fizge lasifikar.

"Ku yi haƙuri jama'a," in ji shi yana dariya. "Aikin surukina ne. Kun san tsuhwa, hannun ya mutu. Ruɓaɓɓen icce ya ba mu."

Suruki fa. Mutumin da ko sunansa ba ka kamawa, wanda in ka hango shi sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Shi aka yanka a lasifika don babbar riga ta tsira da mutuncinta. Samari kuwa duk wayoyinsu a sama suke. Kafin in kai gutsattsarin bakan gida, maganar ta riga ni isa.

Baba yana zaune a zaure. Ya karɓi guntayen biyu, ya haɗa su, ya juya, ya shafa wurin karayar da babban yatsa.

"Ta ciki aka ja shi," ya ce. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni. "Wa ya ba shi a kwance?"

Na ce ni ne. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tashi ya ɗauki gizagonsa na sassaƙa ya miƙa wa Inna, ya ce ta adana.

Bayan mako biyu wani maharbi da ya kawo fatar gada don a murɗa masa tsirkiya ya zo da kame-kame, wai ƙaninsa ne ke son fatar. Baba ya shiga ya ɗauko masa, har ya raka shi bakin hanya. Daga nan zaure ya yi shiru. Yara a kasuwa in sanda ta karye sai su ce aikin tsoho. Da damina ta zagayo Baba ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce maganar Alhaji ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ya tafi da sunan mai ruɓaɓɓen ice, bayan shekara hamsin ba a taɓa dawo masa da baka karyayye ba. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Alhaji ya yi hidimar zaman makoki, ya kawo buhun shinkafa, ya raba goro. Kalmar ban haƙuri ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba. Ina jin ma ya manta. Ina kallonsa yana amsa gaisuwa a kan tabarmar ubana, na ce a raina, wallahi sai ka sake riƙe baka a gaban jama'a.

Baba ya bar sanda uku a rufin ɗakin girki, sun yi baƙi ƙirin. Na ce Inna ta ba ni gizagon, ta ce ajiya aka ba ta, ba rabo ba. Sai na aro na wani masassaƙin turmi. Kowace Alhamis da yamma in rufe shago in hau mota zuwa Kurfi, daga nan in hau babur zuwa gida. Malamaina uku ne: guntayen bakan da ya karye, da Inna wadda ta fi shekara arba'in tana kallon aikin ta ƙofar ɗakin girki, da Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinmu, wani tsoho siriri abokin Baba. Shi ban gaya masa nufina ba. Ya ɗauka gado ne ya motsa, har yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sandar farko na ƙone ta wajen gashi, don gaggawa. Inna ta leƙo ta ga hayaƙi ta ce, "Wanga ba dutsen guga ba ne." Ta biyu na bi ta a hankali. In kankare cikin kaɗan da karyayyiyar wuƙa, in dafa gwiwa in tanƙwara, in duba inda ya ƙi bi, in sake kankarewa. Wata huɗu ina wannan. Da ya fara lanƙwasa daidai sama da ƙasa, na zauna ina kallonsa kamar an yi mini haihuwa.

Tsirkiya ba ta ba ni wahala ba, don yanka sana'ata ce. Ana jiƙa fata, a kankare gashin, a fara yanka daga gefe ana zagayawa ana shiga ciki, har fata guda ta zama zare ɗaya dogo. A murɗa shi yana da danshi, a rataye a reshe da dutse a ƙasa, ya kwana uku yana miƙewa. Na je bakin madatsar ruwan Zobe na yanko kyauro na yin kibau, na samo agara, wato jijiyar ƙafar sa, wajen mahauta na daka ta, ta tarwatse kamar zare, na naɗe kan kibau da ita.

Da komai ya kammala, sai na yi abin da tun farko don shi na faro. Na ɗauko reza sabuwa. A bayan bakan, kamu ɗaya sama da wurin riƙo, akwai ɗan ido inda reshe ya taɓa fitowa. Nan na ja masa tsaga guda a gicciye, siririya, ba ta fi zaren ɗinki ba. Na cike ta da kunkunniya, baƙin hayaƙin rufi, da man kaɗe, na goge. Na san abin da zai faru. Ja na farko zai jure, wataƙila da na biyu. Da an cika hannu, reshen sama zai ɓalle ya dawo wa mai ja a fuska. Na auna tsawon Alhaji a zuciyata kamar zan yanka masa riga, na ga daidai bakinsa ne. Ban ji ko ɗar ba. Daɗi na ji.

Kuskurena, na bar shi a jingine a ɗakin Inna. Ita kuwa hannunta ya saba, in ta ga sabon baka sai ta shafe shi da mai. Da na dawo mako na gaba na tarar da ita zaune a tsakar gida, bakan a kan cinyarta, farcenta a kan tsagar.

"Zamna," ta ce. "Wanga na wa ne?"

Na ce na Alhaji ne, kyauta zan ba shi a wurin taro.

"In ya karye, wa za a ce ya yi shi?"

"Ni."

"Kai wa ya san ka? Kai tela ne. Ɗan wane za a ce. A ce ga shi nan, har ruɓaɓɓen iccen ya gada." Ta juya bakan a hannunta. "Ubanka bai taɓa yin wanda ya karye don kanshi ba. Kai ne za ka yi mishi na hwari? Kuma in ka hudde mai ido, ɗiyata ce za ta yi jinya. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Na ce to a bar shi ke nan ya ci bulus? Ta ce ita ba ta ce ba. Ta tashi da bakan ta shige ɗaki, ban sake ganinsa ba.

Mako uku ban je gida ba, don haushi. Abin da ya fi ci mini rai, gaskiya ta faɗa. Na shekara ina haƙa rami, ashe sunan Baba zan sake turawa a ciki da hannuna. Ina cikin wannan hali wata rana ina fama da wani yadi mai kauri, allura ta uku ta karye, na ce wa mai kayan wannan ai ya fi ƙarfin keken. Ina faɗa na tsaya. Yadin ba wanda ya zage shi, keken aka raina. Ranar ban ƙarasa ɗinkin ba.

Sanda ta uku ita ce mafi kauri, ina jin Baba ya ajiye ta ne don wani ƙato. Na sassaƙe ta na bar mata nama a ciki sosai. Yin baka mai ƙarfi ya fi wuya, don kuskure kaɗan ne zai tara nauyin a wuri ɗaya. Na murɗa masa tsirkiya riɓi biyu. Ranar da na fara ɗaurawa sai da Sarkin Baka ya taya ni dannewa. Na ja, ko kamu ɗaya bai taso ba. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Kai da damtse kake ja," in ji shi. "Ba a ja da damtse. Tura shi da hagu, ka buɗe ƙirji, ka bar gadon bayanka shi yi aikin."

Na kai shi shago na ɓoye bayan yadudduka. Kullum in na dawo daga masallaci da safe sai na ja sau ashirin kafin in taɓa almakashi. Yatsuna suka yi kanta, kafaɗa ta hana ni ɗaga buta. Matata ta ce ko dambe zan shiga da tsufa. Wata bakwai kafin tsirkiyar ta taɓo mini kunne.

Da taron ya zagayo, fili ɗaya ne, rumfa ɗaya, mai bayani ma bai canja ba. Na ɗinka wa kaina sabuwar riga, na roƙi a ba ni lasifika minti biyu. Na yabi Alhaji yabon da ko maroƙi sai ya sara mini. Na ce shekara uku da suka wuce bakan gidanmu ya ba shi kunya a nan wurin, ga shi na kawo masa madadi, aikin ɗan koyo, a yi haƙuri da shi. Aka tafa. Alhaji ya washe baki. Na dafa gwiwa na ɗaura tsirkiyar a gabansa, a hankali, don kowa ya ga ta wane gefe ake ɗaurawa. Na ɗora masa kibiya, na nuna masa duman da aka kafa a kan sanda can nesa.

Ya ja. Tsirkiya ta ɗan motsa kamar an taɓa ta da gaisuwa. Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga, ya sake. Jijiyar wuyansa ta tashi, hula ta zame ta faɗi, kibiyar ta sulale ta soki ƙasa kusa da takalminsa. A na uku ya tattaro duk abin da ya ci tun safe, sai muka ji ɓarrr, hammatar rigar ciki ta yage har ƙugu. Ba ni na ɗinka ta ba, ina so a san wannan.

Dariyar ranar ta ninka ta wancan karon, wayoyi kuma suna sama. Ya juya neman lasifika kamar yadda ya saba, amma tana hannuna, kuma ban ga dalilin bayarwa ba.

"Wanga ai ba baka ba ne, taɓarya ce," ya ce yana haki.

Na miƙa wa Sarkin Baka lasifikar, na karɓi bakan. Na tura da hagu, na buɗe ƙirji, na kai kunne, na saki. Don gaskiya, na kuskure duman, ni ba maharbi ba ne. Kibiyar ta wuce shi ta kafe a jikin dalbejiyar da ke bayan fili, sai da aka sa wuƙa aka haƙo ta.

Tsohon ya karɓi bakan ya shafa bayansa tun daga sama har ƙasa. Sa'an nan ya kai lasifikar bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Iccen ga marigayi ya sare shi, shi ya busar da shi, tare da wancan na shekara uku baya. Wancan ma ba ruɓa ya yi ba. Ta ciki aka ja shi. Mu maharba mun sani tun ran nan, kunya ta hana mu hwaɗi. Allah shi gahwarta mishi, mu ma shi yahe muna."

Fili ya amsa da amin. Alhaji yana tsaye da hula a hannu, ya matse hammata. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni dai zaƙinta na ji, kuma ba zan yi ƙaryar na tausaya masa ba. Yayata ta yi wata biyar ba ta ɗaga wayata. Bakan yana nan rataye a falonsa, don kyauta ce aka ba shi a gaban jama'a, ba damar yarwa. Duk salla in na je gaisuwa sai na dube shi na ce, "Alhaji, ana dai taɓa motsa shi ko?"

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da aka watse, ƙauye na wuce kai tsaye. Na tarar da Inna a ɗakin girki tana tuƙa tuwo da wata sabuwar muciya, baƙa, mai ɗan ido a kusa da kai. Na gane ta. Ta sa an yanke bakan nan mai tsaga ta kankare. Na ba ta labari tun daga farko har yagewar riga, ina yi ina dariya. Ita ba ta yi ba, tuƙinta kawai take.

"To ka huce?" ta ce.

Na buɗe baki zan ce e, sai idona ya kai rufin ɗakin, inda sandunan suke a da. Ba ko ɗaya. Laifi tudu ne, shekara uku ina tsaye a kan nawa ina hangen na Alhaji. Shi ya ja ta ciki, shi ya yi ɓarin baki, amma ba shi Baba ya tambaya ba.

"Da Alhaji na huce," na ce.

Ta sauke tukunyar, ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki. Ta fito da gizagon Baba naɗe a tsumma, da wata sabuwar fatar gada a ɗaya hannun. Ta ce maharbin nan da ya zo ya karɓe tasa a hannun Baba, shi ya aiko yaronsa da wannan ɗazu a kan babur, tun kafin a tashi daga taron, ya ce bayan kaka zai zo.

Ta ɗora mini su a cinya.

"In ya zo," ta ce, "ka ɗaura mishi da hannunka."